Idon da Ke Karanta Faifai: Tarihin Ƙera Ruwan Tabarau Daga CD Zuwa Blu-ray

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe murfin na'urar CD ko ta DVD zai tarar da wani ɗan gilashi mai sheƙi, girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba, yana lilo a kan wasu siraran wayoyi. Wannan shi ne ruwan tabarau na na'urar, wato gilashi mai lanƙwasasshiyar fuska da ke tattara haske a wuri guda. A wannan maƙala za a riƙa kiran sa ido, domin da shi ne na'urar take ganin abin da aka rubuta a faifai.

Faifan CD da na DVD da na Blu-ray duk faɗinsu ɗaya ne, santimita 12, kaurinsu kuma milimita 1.2. Amma na farko yana ɗaukar bayanai kimanin megabayit 700, na biyu gigabayit 4.7, na uku kuwa gigabayit 25 a shimfiɗa guda. Fili bai ƙaru ba, rubutu ne ya ƙanƙance. Rubutu kuwa ba shi da amfani in ya ƙanƙance fiye da abin da ido zai iya rarrabewa. Saboda haka tarihin faifan haske, in aka bi shi zuwa tushe, tarihi ne na yadda aka koyi ƙera wannan ɗan ido ba tare da kuskure ba, sannan aka koyi yin miliyoyinsa a farashin da talaka zai iya saye.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a san ma'aunai biyu. Idan aka raba milimita guda gida dubu, kowane kashi shi ne maikiromita. Idan aka sake raba maikiromita gida dubu, kowane kashi shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kan mutum kimanin maikiromita 70 ne, wato nanomita 70,000.

Siffar da Aka Sani Aka Kasa Ƙerawa

Tun da aka fara yin tabarau a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13, hanyar sarrafa gilashi guda ce: a goga shi a jikin wani kwano na ƙarfe da garin dutse mai kaifi, sannan a goge shi da gari mai laushi har ya yi sheƙi. Wannan hanya tana da ɗabi'arta. Abubuwa biyu da ake gogawa da juna ta kowace fuska ba sa zama daram a kan juna sai in sun ɗauki siffar ɓangaren ƙwallo, kamar ƙaramar ƙwarya a cikin babba. Don haka duk gilashin da aka wasa da hannu, siffar ƙwallo yake ɗauka da kansa.

Sai dai siffar ƙwallo tana da aibi. Hasken da ya ratsa ta gefen gilashin yana lanƙwasawa fiye da kima, sai ya haɗu a wani wuri da ya fi kusa, shi kuma wanda ya ratsa ta tsakiya ya haɗu a can gaba. Maimakon ɗigo guda mai kaifi, sai a sami tabo mai hazo. Wannan shi ne aibin ƙwallo, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka buɗe gilashin.

Maganin wannan aibi tsoho ne. Wajen shekarar 984, wani masanin lissafi a Bagadaza mai suna Ibn Sahl ya rubuta littafi a kan madubai da gilasan da ke kunna wuta da hasken rana. A ciki ya fayyace ƙa'idar lanƙwasar haske, ya kuma nuna da lissafi irin lanƙwasar da fuskar gilashi za ta yi domin duk hasken ya haɗu a ɗigo guda. Littafin ya warwatse, wani ɓangare a Dimashƙu, wani a Tehran, har sai da masanin tarihin kimiyya Roshdi Rashed ya haɗa su ya bayyana abin da ke ciki a 1990. A Turai, René Descartes ya sake cim ma wannan siffa, ya buga bayaninta a 1637, har da zanen injin da zai sassaƙa ta. Ya yi ta musayar wasiƙu da wani maƙerin kayan gilashi a birnin Faris mai suna Jean Ferrier, amma ba su sami gilashin da ya biya bukata ba. Bambancin da ke tsakanin siffar ƙwallo da siffar da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai, hannu ba ya jin sa, ido ba ya ganin sa, kuma gogewar ƙarshe takan mayar da gilashin ga tsohuwar ɗabi'arsa.

Da masu sana'a suka ga haka, sai suka bi ta bayan gida. Suka riƙa jera gilasai masu siffar ƙwallo biyu ko uku ko fiye, kowane yana gyara aibin ɗan'uwansa. Haka aka yi ta ƙera idanun madubin likita da na kyamara har ƙarni na 20. Hanyar tana aiki, amma tana da nauyi, tana da tsada, kuma tana bukatar gwani ya jera gilasan ɗaya bayan ɗaya.

Iyakar da Abbe Ya Gano

A 1866 Carl Zeiss, mai masana'antar madubin likita a garin Jena na Jamus, ya ɗauki wani malamin kimiyya mai suna Ernst Abbe domin ya ɗora aikin a kan lissafi, a daina dogara ga gwaji da sa'a. A 1873 Abbe ya bayyana cewa ko da gilashi ba shi da aibi ko ɗaya, akwai iyakar ƙanƙantar ɗigon da zai iya yi, kuma abubuwa biyu ne ke yanke wannan iyaka.

Na farko shi ne zangon haske. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke bi masa ita ce zango. Jan haske zangonsa dogo ne, shuɗi kuwa gajere. Na biyu shi ne buɗin ido, wato ma'aunin faɗin kusurwar da haske ke bi yana tsukewa daga gilashi zuwa ɗigo. Lamba ce da ba ta iya wuce 1 muddin iska ce tsakanin gilashi da abin da ake kallo. Faɗin ɗigon yana kusa da abin da za a samu in an raba zango da buɗi. Ke nan mai son ƙaramin ɗigo hanya biyu gare shi: ya gajarta zango, ko ya faɗaɗa buɗi. Duk abin da ya faru a masana'antar faifai cikin shekara talatin, a kan waɗannan hanyoyi biyu ya gudana.

Akwai kuma tambayar ko kuskure nawa ido zai iya ɗauka kafin ɗigonsa ya lalace. André Maréchal, wani masani Bafaranshe, ya ba da amsa a 1947. Hasken da ya fito daga ido yana tafiya ne a sahu, kamar mahaya a filin sukuwa, kuma dole su isa ɗigo tare. In matsakaicin karkacewar sahun ya wuce kashi ɗaya cikin 14 na zango, ɗigon ya fara dushewa. Wannan ƙa'ida ita ce alƙalin da ake kai kowane idon faifai gabansa.

Haihuwar CD

An kunna hasken leza na farko a Amurka a 1960. A 1970 aka sami ƴar ƙaramar leza ta lantarki mai iya ci ba tsayawa a yanayin zafin ɗaki. Kamfanin Philips na ƙasar Holand ya nuna faifan bidiyo mai karantuwa da haske a 1972, ya kuma fitar da shi kasuwa tare da kamfanin MCA a birnin Atlanta na Amurka a Disambar 1978. Faifan babba ne, santimita 30, kuma na'urarsa da bututun leza mai iskar gas take aiki.

Ranar 8 ga Maris, 1979, Philips ya nuna wa ƴan jarida ƙaramin faifan sauti a birnin Eindhoven. Daga nan ya haɗa kai da Sony na Japan, suka fitar da ƙa'idojin CD a 1980. Ranar 1 ga Oktoba, 1982, Sony ya fara sayar da na'urar CDP-101 a Japan a kan yen 168,000.

Abin da ke jikin faifan shi ne layi guda na ƴan ramuka, wanda ya naɗe daga tsakiya zuwa gefe kamar naɗin faifan kaba, tsawonsa ya haura kilomita 5. Tazarar zagaye da zagaye maikiromita 1.6 ce, mafi gajartar rami kuma bai kai maikiromita guda ba. Leza tana ba da haske mai zangon nanomita 780, buɗin ido kuma 0.45, sai aka sami ɗigo mai faɗin kimanin maikiromita 1.7. Hasken yana ratsa roba mai kaurin milimita 1.2 kafin ya isa ramukan, ya dawo ta cikin idon zuwa wani ma'aunin haske da ke bambance rami da fili. Wannan kauri dabara ce: a saman faifai hasken bai riga ya tsuke ba, don haka ƙura ko ƴar ƙarzuwa ba ta tare shi duka.

Wahalar ita ce faifai ba ya juyawa a miƙe. Yana yin zagaye 500 zuwa 200 a minti, yana hawa da sauka har kusan rabin milimita, alhali ɗigon ba ya zama da kaifi sai cikin tazarar kimanin maikiromita 2 sama ko ƙasa. Dole idon ya riƙa bin faifan sama da ƙasa, hagu da dama, ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa aka rataye shi a kan siraran wayoyi tsakanin maganaɗisu, ana motsa shi da lantarki kamar yadda ake motsa tantanin lasifika. Abin da zai yi irin wannan rawa kuwa dole ya zama marar nauyi. A ƙa'idar Maréchal, kuskuren da aka yarje wa dukan hanyar hasken bai wuce nanomita 56 ba, kuma ido kaso kawai yake samu daga ciki, domin faifai da sauran gilasai ma suna da nasu.

Idanun na'urorin farko jerin gilasai ne irin na madubin likita, waɗanda aka wasa aka jera a cikin bututu. Sun yi aiki, amma da irinsu na'urar CD ba za ta taɓa sauka daga kantin masu hali ba.

Daga Hannun Magogi Zuwa Mazubi

Mafitar ita ce a koma ga siffar Ibn Sahl da Descartes: gilashi guda mai fuskar da ta kauce wa ƙwallo daidai gwargwado. Abin da ya sauya shi ne an daina neman a wasa kowane ido. An tattara duk ƙwarewar a kan abu guda, wato mazubi, sannan aka riƙa zuba idanu a cikinsa. Mai buga bulo ya san wannan ƙa'ida: in mazubi ya yi kyau, bulo dubu za su fito iri ɗaya, in kuwa yana da tabo, tabon zai bayyana a jikin kowane ɗaya.

Hanyoyi uku aka bi. Philips ya ɗauki gilashi mai siffar ƙwallo, ya shafa masa siririn ruwan roba, ya danna shi a mazubi, ya busar da robar da haske, sai ta ba shi lanƙwasar da ake so. A Amurka, Kodak ya yi amfani da gilashin da aka danna da zafi a mazubi cikin wata kyamara da ya fitar a 1982, kamfanonin Japan irin su Hoya da Matsushita kuma suka ƙware a wannan hanya. Hanya ta uku ita ce ta kamfanin Konishiroku, wanda daga baya ya koma Konica: a 1984 ya fitar da idon CD na roba zalla, wanda ake narkawa a tura cikin mazubi. A wannan shekarar ce Sony ya fitar da D-50, na'urar CD ta farko da ake iya ɗauka a hannu.

Ƙera mazubin kansa sana'a ce mai zaman kanta. Ana sassaƙa shi a kan inji mai juyawa da bakin daiman guda, kwamfuta na jan ragamarsa. Daiman ba ya jituwa da baƙin ƙarfe, yakan cinye in ya daɗe yana yankansa, don haka ake lulluɓe ƙarfen da wani rufi na nikel, a sassaƙa siffar a jikin rufin. Injin yana zaune a ɗaki mai tsayayyen yanayi, a kan matashin da ke shanye girgiza, domin ɗan ɗumin da ya ƙaru a ɗaki ya isa ya miƙar da ƙarfe fiye da kuskuren da aka yarje. Mazubin gilashi kuwa, da yake yana shan zafin da ya kai digiri 500 zuwa 600, da wani abu mai tsananin tauri ake yin sa, kuma ana danna gilashin ne a cikin iskar naitirojin don kada mazubin ya ci.

Roba ma ta zo da nata halin. Tana tsukewa in ta huce, don haka ba a sassaƙa mazubi a kan ainihin siffar da ake so. Ana zuba na gwaji, a auna yadda ya kauce, a sake sassaƙa mazubin da gangan a karkace domin tsukewar ta dawo da shi daidai. Robar farko tana shan danshi, tana kuma sauya yadda take lanƙwasa haske in zafi ya ƙaru. Wannan ya sa kamfanonin sinadarai na Japan suka ƙirƙiro sababbin nau'o'in roba marasa shan ruwa, kamar Zeonex na kamfanin Zeon, wanda ya fito a farkon shekarun 1990.

Saura awo, domin abin da ba a iya aunawa ba a iya gyara shi. Babu ma'aunin ƙarfe da zai ga nanomita, sai aka mai da haske kansa ma'auni. Ana raba hasken leza biyu, ɗaya ya ratsa idon da ake gwadawa, ɗaya ya bi hanyar da aka tabbatar da ingancinta, sannan a haɗa su. Inda suka haɗu sai layuka masu haske da duhu su bayyana. In layukan sun miƙe, idon ya ci jarrabawa, in sun karkace, karkacewar ce ke nuna inda aibin yake da girmansa.

DVD: Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

Fim cikakke mai kyawun hoto ya fi ƙarfin CD. A tsakiyar shekarun 1990 aka sami ɓangarori biyu: Sony da Philips a gefe guda, Toshiba da Time Warner da abokansu a ɗaya gefen. A Satumbar 1995 suka daidaita a kan tsari guda, aka fara sayar da na'urorin DVD a Japan a Nuwambar 1996. An gajarta zango zuwa nanomita 650, wato jan haske, aka buɗe ido zuwa 0.60. Ɗigo ya koma kimanin maikiromita 1.1, tazarar layi 0.74, mafi gajartar rami 0.4, tsawon layin kuma ya kusa kilomita 12.

Faɗaɗa buɗi yana da farashi mai tsada. In faifai ya ɗan karkata, hasken da ke ratsa robarsa yakan fito da jela kamar tauraro mai wutsiya. Wannan aibi ba ya ƙaruwa daidai da buɗi, yana ƙaruwa ne da buɗi sau buɗi sau buɗi, kuma yana bin kaurin robar. Da an bar kaurin CD, da aibin ya ninka kusan sau uku. Saboda haka aka rage robar da haske ke ratsawa zuwa milimita 0.6, aka manna faifai biyu baya da baya domin a dawo da kaurin 1.2.

Daga nan wata matsala ta taso. Idon da aka lissafa domin robar 0.6 ba ya ganin CD da kyau, ga shi kuwa mutane ba za su zubar da tsofaffin faifansu ba. Wasu kamfanoni suka sa idanu biyu a na'ura guda, ana sauya su gwargwadon faifai. Daga bisani aka koma sassaƙa ƴan zobba masu matakala a fuskar ido guda, tsayin kowane mataki kimanin maikiromita, waɗanda ke karkatar da jan haske daban da hasken CD. Irin wannan zane ba zai yiwu da gogewar hannu ba, amma ga mazubi abu ne mai sauƙi: in an sassaƙa shi sau ɗaya, ya zauna.

A wannan zamani ne arhar ta isa kowane lungu. Faifan bidiyo na VCD, wanda aka tsara a 1993 a kan fasahar CD, da na DVD bayansa, su ne suka karɓi finafinan Hausa daga hannun kaset, suka kai su kasuwannin Kano da Maradi da Damagaram da Yamai. A cikin kowace ƴar na'ura mai araha da aka kalli waɗannan finafinai da ita, akwai idon roba da kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba.

Blu-ray da Shuɗin Haske

Mataki na gaba ya jira shuɗiyar leza, wadda ta daɗe tana gagarar masana. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya sun share hanya a shekarun 1980. Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya fitar da shuɗiyar fitila mai ƙarfi a 1993, ya biyo ta da leza a tsakiyar shekarun 1990. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗiyar fitilar.

A Fabrairun 2002 kamfanoni tara suka sanar da tsarin Blu-ray: zango nanomita 405, buɗi 0.85. Ɗigo ya koma kimanin rabin maikiromita, tazarar layi 0.32, mafi gajartar rami kimanin 0.15, tsawon layi kuma kusan kilomita 27. A idon CD, hasken gefe yana sauka ne a kusurwar digiri 27 daga tsakiya, a na Blu-ray kuwa digiri 58. Ido mai irin wannan buɗi yana da kauri da tsananin lanƙwasa, har gefensa kamar gangaren dutse yake.

Lissafin aibobi ya nuna girman abin da aka ɗauko. Aibin wutsiya zai ninka na CD kusan sau 13, don haka aka rage robar da ke rufe rubutu zuwa milimita 0.1, kashi ɗaya cikin 12 na ta CD. Aibin da kuskuren kaurin roba ke jawowa ya ninka fiye da sau 20, sai ya zama rufin ba zai kauce wa ƙa'ida ba sai da ƴan maikiromita kaɗan. Tazarar da ɗigo ke zama da kaifi ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na maikiromita. Iyakar Maréchal ta sauko zuwa nanomita 29. Bugu da ƙari, fuskoki biyu na idon dole su fuskanci juna daidai, in ɗaya ta goce da kimanin maikiromita guda ko biyu, idon ya tashi daga aiki. Ke nan ba fuskar mazubi kaɗai ake aunawa ba, har da yadda ɓangarorinsa biyu ke haɗuwa a kowane zubi.

Da farko Sony ya raba aikin tsakanin gilasai biyu, ya koma ga tsohuwar dabara. Irin wannan ido yana matsowa faifai har ƙasa da rabin milimita. Na'urar farko, BDZ-S77, ta fito a Japan a Afrilun 2003, faifanta kuma a cikin akwati yake, domin siririn rufin ba ya jure ƙarzuwa. Sai da kamfanin TDK ya kawo wani shafi mai tauri aka yar da akwatin. Daga baya masu zubi na Japan suka yi nasarar yin idon 0.85 da gilashi guda, sannan da roba.

Toshiba ya zaɓi hanya mai sauƙi. Tsarinsa na HD DVD ya yi amfani da shuɗiyar leza, amma ya tsaya a buɗin 0.65 da robar milimita 0.6, domin masana'antun DVD su ci gaba da aiki da ƴan gyare-gyare kaɗan. Sakamakon haka faifansa gigabayit 15 yake ɗauka a shimfiɗa guda. Tsarukan biyu sun shiga kasuwar finafinai a 2006. Sony ya sa Blu-ray a cikin na'urar wasa ta PlayStation 3, kamfanin finafinai na Warner ya juya wa HD DVD baya a Janairun 2008, ranar 19 ga Fabrairun wannan shekara kuma Toshiba ya sanar da janyewa. Ciniki da ƙawance ne suka yanke hukunci, amma gigabayit 10 ɗin da suka raba tsarukan biyu daga buɗin ido suka fito.

Inda Hanya ta Ƙare

Bayan Blu-ray, hanyoyin Abbe biyu duk sun kusa tiƙewa. Buɗi ya kai 0.85, iyakarsa kuwa 1. Hasken da zangonsa ya gaza nanomita 400 sosai, roba tana shanye shi, yana kuma lalata ta. Masu bincike sun gwada tsallake iyakar. A 1990 Mansfield da Kino na Jami'ar Stanford suka gabatar da wani ido mai siffar rabin ƙwallo, wanda in ya matso abin da ake karantawa ƙwarai buɗinsa kan wuce 1. Sony da Philips sun gwada shi a kan faifai, amma dole ya yi shawagi a tazarar ƴan gomman nanomita daga faifan da ke juyawa, kuma faifan da ake cirewa a riƙe da hannu ba ya rabuwa da ƙura. Bai shiga kasuwa ba.

Abin da ya rage shi ne tara shimfiɗu. Tsarin BDXL na 2010 ya kai gigabayit 100 a shimfiɗa uku da 128 a shimfiɗa huɗu. Kafin nan ƙananan ma'adanai na lantarki da intanet sun fara janye mutane daga faifai. A Fabrairun 2025 Sony ya daina ƙera faifan Blu-ray na ɗaukar bayanai.

Kammalawa

Tsakanin littafin Ibn Sahl da idon roba na Konishiroku akwai kimanin shekara dubu. A duk tsawon wannan lokaci an san siffar, abin da aka rasa shi ne hanyar ƙera ta da hanyar auna ta. An same su ne lokacin da injin daiman da ma'aunin haske da sababbin nau'o'in roba suka haɗu da kasuwar da ke bukatar idanu miliyoyi. Daga 1982 zuwa 2003 buɗin ido ya tashi daga 0.45 zuwa 0.85, zango ya sauko daga nanomita 780 zuwa 405, abin da faifai ke ɗauka ya ninka fiye da sau 30, kuskuren da aka yarje kuma ya ragu da kusan rabi a kan fuskar da ta fi wuyar sassaƙawa nesa ba kusa ba.

Faifai yana ja da baya, amma sana'ar ba ta bi shi ba. Irin waɗannan mazubai da robobi da ma'aunai su ne ake amfani da su a yau wajen ƙera idanun kyamarar wayar salula, inda ake jera idanun roba biyar ko shida ko bakwai, kowannensu da fuskar da ta kauce wa ƙwallo, a cikin tazarar da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba.